Tsoho a gaban tukunyar gwaten Ladi

Shekara tara ke nan da matata Ladi ta koma wurin Ubangiji, ta bar ni a unguwar Kabong da tukwanen da ban san aikin ko ɗaya ba. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, don haka masu digiri su yi haƙuri, yau tsoho zai yi lacca a kan abinci.

A zamaninta gwate abincin marasa hali ne. Acca kaɗan, yakuwa, gauta, alayyahu, sai ƙashi guda da yake sintiri a tukunya kamar ɗan sanda. Da za ta leƙo kasuwar Taminus yau ta ji kuɗin mudun acca, sai an ba ta kujera. Tun da likitoci suka ce acca tana taimakon masu ciwon suga, manya suka ƙwace mana ita. Talaka aka bar shi da burodi, taliyar leda da lemon kwalba. Wai mun ci gaba: ga ƙiba ga yunwa a jiki ɗaya.

Autarmu Rifkatu, wadda nake zaune da ita, aikin ofis take yi. Ta dawo a gajiye, gas ya yi tsada, abin da zai nuna nan take shi take ɗorawa. Bara likita ya ce suga ya kama ta, in ba ta rage jiki ba, ƙafar nan da take kumbura za ta ba mu labari. Na binne uwar. Ba zan zauna a benci ina kallon 'yar tana bin sahu ba.

Sai na je wurin Mama Asabe, ƙawar marigayiya a zumuntar matan cocinmu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baban Rifkatu, kai da ko ruwan shayi ƙona shi kake yi?" Amma ta ɗauko ƙwarya biyu ta nuna mini yadda ake rege acca a fitar da yashi. Na ga abin wasan yara ne, na rege sau ɗaya na ɗora. Rifkatu ta kai cokali baki, ta tsaya.

"Baba, gwate ne wannan ko kwangilar gini aka ba ka?"

"Ci abinki," na ce, "yashin Filato ne, ba na waje ba."

Yanzu sai ƙwaryar ta fita fes nake tsayawa. Na shuka yakuwa da alayyahu a tsofaffin bokitai, ganye ya fi acca yawa, mudu ɗaya yana kai mu nesa. Ashe dabarar Ladi ke nan tun can. Tsofaffin unguwa suna kirana uwargida, ina amsawa.

Ladi ba ta bar gona ko gwal ba. Ta bar hanyar ciyar da gida ba tare da an cuci jiki ba, ita nake riƙe da ita. Ƙafar Rifkatu ba ta gama saɓewa ba, likita bai sallame mu ba, ni ma ban sauke tukunya ba. Jiya ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce da muryar uwarta sak, "Gishiri ya yi yawa."

Yau na rage.