Ƙofar Don Hermo

Don Hermo kafinta ne a unguwarmu ta kan tudu a birnin Valparaíso da ke bakin teku. Sau biyu gobara tana cinye gidansa. Shi ya taya mu, ɗaliban zanen gine-gine, harhaɗa ɗakunan katako na tafi-da-gidanka don baje koli. Aka ba shi ɗaya ya zauna, da sharaɗin kada ya canza komai sai watan Maris.

Malamarmu ta sa ƙofofin suka kalli dajin da ke sama, wai sun fi kyau a hoto.

Don Hermo ya ce mini, "'Yar boko, wuta daga can take gangarowa. Mu nan ƙofa teku take kallo, don a samu hanyar gudu. Gaya wa malamarki."

Kunya ta hana ni gaya mata. Yau kwana uku ke nan iska mai zafi tana kaɗowa daga dajin.