'Yan tsanan asuwaki

"Hajiya, ina damin asuwakin da na jingine a bayan ƙofa?"

Muryar Malam ke nan, maigidana, Allah ya jiƙansa. Jiya da na ga jikata riƙe da 'yar tsana mai batir, sai maganar ta dawo min sabuwa.

Lokacin muna unguwar Misfala a Makka, shekarun alif ɗari tara da sittin, yana sayar da asuwaki a bakin Harami. Azumi ya faɗo cikin sanyi, 'yan matana uku kullum suna ƙudundune a bargo ɗaya. Ga Sallah ta matso, ba ni da abin miƙa musu. A Kano da kara muke yin 'yar tsana, to ina kara a Makka, garin duwatsu?

Sai na zaɓi masu kauri cikin asuwakinsa. Na daddaka kawunan suka yi buzu-buzu kamar gashi, na ɗaura musu zani da ɗankwali da ƙyallayen da tela ya zubar.

Da ya tambaya, na nuna masa taga kawai. Ga jarinsa a jere, sun ci kwalliya.

Ya ɗauki ɗaya yana juyawa. Na ce a raina yau akwai faɗa.

"Wannan ai ɗaurin Innata ne sak," ya ce a hankali. "Ita tawa ce. Yalla, maza ɗauki wani ki yi wa yaran."

Ranar Idi autata ta taune kan tata tas, haƙora farare ƙal!

Har ya rasu, tasa tana cikin akwatinsa. Ku me aka taɓa haɗa muku da hannu ranar Sallah?