Ranar da Gwaggo ta liƙe jirgin Malam

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ta fi tsaya mani a rai, ba sai na yi dogon tunani ba. Ranar sunan ɗiyata ta fari ce, kuma ba don ragon suna ko kayan barka ba. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da safiyar da jirgin ƙasa ya tashi daga tsakar gidanmu a Ƙofar Durbi ba, a garin da ko taku ɗaya na layin dogo babu.

Maigidana ya yi koyon aiki a reluwe can Zariya tun yana saurayi. Da aikin ya ja baya sai ya dawo Katsina yana gyaran injin ban ruwa da janareto. Jikin ne dai ya dawo, hankalin yana can tasha. Wasu mazan kiwon tantabara ne ya ɗauke masu hankali, wasu dara a gindin bedi, ni nawa Allah ya haɗa shi da tagulla. Tun kafin a kawo ni gidan ya fara ƙera wani ɗan kan jirgi irin na da, mai tafiya da wuta da ruwa. Girmansa bai wuce ɗan akuya a kwance ba, amma sai mutum biyu sun kama suke ɗaga shi. Da ya dawo daga aiki sai ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya baje zarto da guduma da ƙananan ƙusoshi, ya yi ta goge ƙarfe ɗaya har a kira magariba. In ƙusa ta faɗi ƙasa, ba ni da ikon yin shara sai an gan ta. Na taɓa kwana biyu da zazzaɓi bai lura ba, amma ran da tsatsa ta fito a ƙafar jirgin, ko tuwo bai iya ci ba.

Ni karatuna bai wuce aji uku ba, amma Allah bai hana ni ido da kunne ba. Ina tsintar shinkafa ina kallonsa. Na ga inda yake zuba gawayi, na ga inda yake ɗura ruwa, na ga ɗan hannun da yake turawa jirgin ya motsa. Akwai wani ɗan agogo mai hannu ɗaya da jan layi a jikinsa, sai kuma wani ɗan rami a bisa tukunyar ruwan jirgin, wanda in wuta ta yi ƙarfi yake fesar da tururi yana huci kamar kububuwa. Rannan na ce, “Malam, wannan ramin ba yoyo yake ba?” Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, “Wannan ba dahuwar tuwo ba ce, ki bar wa masu abin.” Na bar masu. Amma bayan kwana kaɗan ina bayan ƙyaure na ji yana yi wa abokansa bayani a zaure, murya har da kwarjini. Ya ce wannan ramin shi ne ran jirgin, in ya toshe, hannun agogo ya haye jan layi, to wanda ke kusa sai dai a tattara shi a tabarma. Abokan nasa da ba su kwana gidan, su aka yi wa gargaɗi. Ni da nake girki taku uku daga wurin, da tsohon ciki, a bayan ƙyaure na tsinci nawa.

Shekarar da soja suka koma bariki na haihu. Gari ya cika da sababbin manya. Wani maƙwabcinmu da muka sani yana sayar da fetur a kwalba ya zama kansila, ya koma Honorabul, shaddarsa tana ƙara tun daga bakin lungu. Lokacin yaƙin neman zaɓe ba abin da bai yi alkawari ba, har da kawo jirgin ƙasa Katsina. Kowa ya ji ya yi dariya ya karɓi sabulunsa, ban da Malam. Shi ya riƙe maganar kamar wasiyya. Ya ƙudurta cewa in Honorabul ya ga jirginsa yana tafiya, zai kai shi gaban manya a GRA, daga nan sai a damƙa mashi reluwen jiha. Da ya ji kansila zai zo suna, sai ya kwana uku yana shimfiɗa ɗan layinsa, daga bakin madafa, ya ratsa tsakar gida, ya bi ta zaure har ƙofar gida. Ragon suna ma ƙaninsa ne ya je ya sawo.

Mahaifiyata ta rasu, don haka ban je wankan gida ba. Gwaggona, yayar babanmu, ita ta zo ta zauna da ni. Gwaggo ta shekara talatin tana sayar da dambu a Ƙofar Kaura, kuma a duniya ba abin da ta tsana kamar tukunya mai zubar da tururi. In ta ɗora madambaci, sai ta naɗe mahaɗin da jiƙaƙƙen tsumma, ta shafe da kuka, ta bi da yatsa tana sauraro. Ko sauro ba ya samun hanyar fita.

Da sassafe ranar suna Malam ya hura wa jirginsa wuta, ya cika shi da gawayi, ya ce kada kowa ya taɓa, ya fita wajen maza. Shirinsa shi ne in an shafa fatiha an raba goro, ya yi ɗan jawabi, sannan ya shigo ya tuƙo abinsa a fito da shi kamar amarya. Tsakar gida kuwa ta cika da mata, ga surukata a kan tabarma, ga ƙannen Malam, ga maƙwabta ana ta ɗora tukwane. Ni ina ɗaki, na fito daga ruwan zafi ke nan, an ajiye mani kwanon kunun kanwa. Tun da na haihu ban yi barcin kirki ba. In jaririyar ta yi atishawa gabana ya faɗi, in ta yi shiru in kai yatsa hancinta. Amma duk a ɓoye nake yi, don 'yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta ɗaukar ɗan fari gaban manya, ba ta kallonsa, ba ta faɗin sunansa, ko nono sai an yi ta lallashinta tana sunkuyar da kai. Na iya wannan wasan sosai, har ana yabona.

Abin da ya fara damuna shiru ne. Tun asuba jirgin ke huci, har kunnena ya saba, sai kawai na ji ɗif. Na ɗaga labule kaɗan. Gwaggo ce zaune a kan kujera 'yar tsugunne, gwiwarta har tana gogar jirgin, ta miƙe ƙafafu ta kwantar da jaririyar a kai. Ta samu murhun da ba hayaƙi, tana ɗora ƙyalle a jikin tukunyar ya yi ɗumi tana gasa wa yarinya cibi. A bisa tukunyar kuwa, daidai ramin nan, an naɗe da tsumma, an zagayo da shi ta ƙarƙashin cikin jirgin an ƙulle tam, an shafe da kuka har ta bushe. Aiki ne na gwanaye, ba ƙarya. Na dubi ɗan agogon, hannunsa yana kan jan layi yana rawa.

Na ce a hankali, “Gwaggo, don Allah ki kwance tsumman nan.”

Ta ce, “Ke dai sha kununki. Mijin naki wai injiniya, amma liƙi ya gagare shi. Tun ɗazu abin nan ke ɓarnar tururi, gawayi na ƙonewa a banza. Na gyara mashi, ba sai ya gode ba.”

“To ki taso daga wurin, ki kawo ta ciki.”

Nan fa mata suka samu abin yi. Wata ƙanwar Malam ta tafa hannu ta ce, “Ku ji mani 'yar zamani. Kwana bakwai har an fara ‘kawo ta’.” Wata ta ce, “Mulkin farar hula ne, kowa ya samu baki.” Aka kwashe da dariya. Surukata ba ta yi dariya ba, kallona kawai ta yi, irin kallon da ke sa mutum ya duba ko zanensa ya kwance.

Na saki labule na koma na zauna. Wannan zaman shi ne abin da har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Na san abin da ke shirin faruwa, na ji da kunnena, amma na zauna ina auna kunya da ran ɗiyata kamar masu nauyi ɗaya. Ban san ko numfashi nawa na yi ba. Sai na ji tukunyar ta yi wani ɗan ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Ban san lokacin da na fito ba, ba kallabi, ba takalmi. Na sunkuya na fizge yarinyar daga ƙafafun Gwaggo na manna ta a ƙirji. Hannun agogo ya riga ya wuce ja. Ƙullin tsumman ba zai kwantu da hannu ɗaya ba, ga zafi, ga Gwaggo ta ƙi tashi tana salati tana cewa aljanun jego ne suka buge ni. Abu ɗaya na sani, in jirgin na tafiya hannun agogo yana sauka, na sha gani. Na zari muciya daga hannun wata mai tuƙin tuwo, na tura ɗan hannun nan har ƙarshe, na ce, “Ku kauce.”

Wallahi jirgin Malam yana tafiya. Wannan shaidar zan ba shi har gaban kowa. Ya yi tari biyu, ya zabura, ya bi layinsa yana tsala gudu da rawanin tsumma a ka, mata na watsewa, kaji na tashi sama. Ya shige zaure daidai lokacin da na jiyo muryar Malam yana cewa, “Ranka ya daɗe, abin da ƙasar nan ta rasa shi ne...” Bai ƙarasa ba abin da ƙasa ta rasa ya iso da kansa. An ajiye kujerar Honorabul daidai inda layin ya ƙare, don ya fi kowa gani. Ya kuwa gani. Jirgin ya sauka daga layi ya kife a gabansa, garwashi ya watsu a kan shadda, tsumman ya tsinke, tururin da Gwaggo ta tara ya fito da wata ƙara da aka ce har bakin kasuwa an ji. Daga ƙofar zaure na hango mutumin da ya rantse zai tsaya da talakawa komai wuya, ya tsallake kwata ya bar hula da takalmi ɗaya. Liman ne kaɗai bai gudu ba, shi ma don ƙafa ta ƙi.

Allah ya tsare, ba wanda ya ƙone sai shadda. Malam ya shigo gida idonsa jawur, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, “Wa ya taɓa mani jirgi?”

Ni da ban taɓa ɗaga mashi murya ba na ce, “Ni ce, Malam. Da muciya. Ashe dahuwar tuwo ce.”

Ya buɗe baki ke nan sai ƙaninsa ya shigo riƙe da guntun tsumma da busasshiyar kuka a jiki, ya ce a kan ramin tururi ya same shi. Malam ya karɓa ya jujjuya. Ya dubi kujerar da Gwaggo ta zauna a kai, ya dubi inda jirgin yake ɗazu, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Sai a lokacin ya dubi abin da ke ƙirjina. Ya nemi turmi ya zauna a kai. Da aka gama yi wa Gwaggo bayani sai ta ce, “To kai ɗan nan, ka ajiye abin kashe mutane a bakin madafa, ka ce kada a taɓa, ba ka ce don me ba. Mu da wuta muka tsufa. Da ka faɗa mana ai da mun ji.”

Kada ku ɗauka an yi mani sannu. Har aka yi arba'in, labarin da ke yawo a unguwa ba na tukunyar da ta kusa fashewa ba ne, na maijegon da ta rungume 'yar fari gaban surukarta ne, kai ba kallabi. Honorabul kuwa ya aiko aka karɓi hularsa, ya ce a gaya wa Malam za a kafa kwamiti. Har ya gama wa'adinsa ya koma GRA da zama, ko ƙusa ɗaya ba mu gani ba. Malam ya gyara jirginsa, wata biyu yana bugun ƙafar da ta lanƙwashe. Amma ran da zai sake hura wuta, sai da ya kira ni da Gwaggo ya tsugunna ya nuna mana komai ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana kallon ƙasa. Na bar shi ya gama, ban ce mashi na sani ba.

Yarinyar nan yanzu ita ma uwa ce, kuma ran da ta haihu ni na ce ta ɗauki ɗanta gaban kowa ta duba shi da kyau. Abin da ranar nan ta koya mani ke nan. Wanda ya kawo wuta cikin gida, ya fara yi wa masu kwana kusa da ita bayani kafin 'yan zaure. Kunya kuma ado ce, ban musa ba, amma tun daga ranar in na ga hannun agogo ya doshi ja, ba na tsayawa neman kallabi.