Goggo, Motar Ta Zo Har Ƙofar Gida

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Goggo, yayar Babanmu, malamar makarantar da yaran unguwa ke kira Goggo Mai Taswira. Shi ya ba mu ita, kuma gare Shi ta koma.

Ni ba gwanar magana ba ce, Goggo, kin fi kowa sani. Ko da masu gaisuwa suka cika gida, bayan labule na maƙale. Amma akwai labarin da kika yi ta tambayata har kika bar duniya ban samu na ba ki ba. Yanzu ya samu, kuma mai daɗi ne.

Sai dai in fara da abin da ya sa ki wannan aikin, saboda waɗanda ba su sani ba. Wata babbar magudanar ruwa ce ta raba layinmu biyu. Gadar katako ce a kanta, siririya, ko mai keke sai ya sauka ya tura. Ga wata ƙatuwar bishiya ta lulluɓe wurin da inuwarta. A taswirar waya kuwa, layin a miƙe yake sarai, kamar babu komai.

Shekarun baya naƙuda ta zo wa Umma da gardama, aka kira motar asibiti. Direba ya bi abin da wayarsa ta nuna masa, ta kai shi har bakin magudanar ta wancan ɓangaren. Muna jin jiniyarsa, muna hango shi, yana hango mu. Kafin ya juya ya zagayo ta bayan makarantar firamare, lokaci ya ƙure. Umma ta tashi, amma ƙanina bai zo da rai ba.

Kowa ya tsine wa direban, ban da ke. Cewa kika yi, "Bawan Allah ya bi abin da aka zana masa ne. Zanen za a gyara." A nan kika gano akwai taswira a intanet wadda 'yan sa-kai daga ko'ina a duniya ke haɗuwa su zana, kowa na iya sa hannu. Kika zauna da tsohuwar kwamfutarki mai zafi kamar dutsen guga, kika koya, kika datse layin gida biyu. Muka yi murna. Ba a jima ba, sai ga shi an sake haɗe shi. Kika datse, aka haɗe. Kika sake datsewa, aka sake haɗewa.

Baba ya ce wani ne ke mana mugunta. Kika ce a'a, kika nuna masa hoton tauraron ɗan'adam. Daga sama, hanya ta shiga ƙarƙashin bishiya ta ɓulla ta ɗaya gefen. Duk wanda ya gani daga nesa zai ɗauka wani ne ya manta bai ƙarasa zanen ba, sai ya taimaka ya ƙarasa.

"Ka gani? Alheri ne yake mana," kika ce. "Alherin ne ke neman kashe mu."

Washegari kika yaye mini bargo, ina kwance da littafin soyayya a hannu. "Taso, 'yar mafarki. Masoyan nan naki ba inda za su, shafin da kika bar su nan za ki tarar da su." Kika ɗanƙa mini lema. Kika tattare zani kika gangara cikin magudanar, wai sai kin ɗauki hoton gadar daga ƙasa, yadda ba mai gardama. Mutane suka taru, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai shagon da ke kan kwanar layin ya leƙo ya ce, "Goggo, kifi ake nema ne?" Kika ce, "Hanya nake nema, an ce akwai ta a nan. Ko ka ganta?" Takalminki ɗaya can ya zauna a cikin laka. Haka kika tako gida, ƙafa ɗaya da takalmi, kina gaisawa da jama'a kamar ba komai.

Kika aika hotunan ga mai haɗe layin. Ba mu san sunansa ba, laƙabi kawai yake sawa, kuma wasiƙunsa akwai ladabi. Ni tuni na gama zana shi a raina: dogo, mai tabarau, mai taushin murya, wanda zai haye teku ya zo neman gafara, ya gan ki, shi ke nan. Har launin rigarsa na zaɓa. Da na kuskura na faɗa miki, dariya kika yi sai da kika riƙe ciki. Ranar da aka yi kiran bidiyo na ɓuya a bayan kujerarki ina leƙe. Sai ga wata tsohuwa, gashi fari fat, kyanwa a cinya. Kika waiwayo kika ce, "Ga angon namu, 'yar mafarki. A sa rana?"

Ashe ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Gwiwoyinta sun hana ta fita, shi ya sa take zana hanyoyin da ba za ta taɓa takawa ba. Da kika ba ta labarin ƙanina, ta cire tabarau ta yi kuka. Ke kika koma kina lallashinta. Da hannunta ta datse layin, ta rubuta gargaɗi a wurin, ta ce ita za ta riƙa gadinsa.

Sai dai gyara a babbar taswira daban, shigarsa wayoyin direbobi daban. Masu manhajar sukan ɗebo sabon zane ne lokacin da suka ga dama, ba wanda zai ce miki ga ranar. Ana cikin wannan jira Umma ta sake samun ciki, ke kuma ciwon ƙoda ya kwantar da ke.

Duk zuwan da zan yi asibiti, kafin ki amsa gaisuwata sai kin ce, "Duba mini, ya shiga?" In duba, in ce, "Tukuna, Goggo." Baba ya ce ki kwantar da hankalinki, shi da kansa zai tsaya a mararraba ya tare motar. Kika harare shi irin hararar yaya. "Kai kullum kana gida ne? Sauran matan layin kuma wa zai tsaya musu?"

Kin sha wuya, Goggo. Ƙafafun nan da suka zaga kowane lungu sun kumbura har ba sa ɗaukarki. Da na ga fuskarki bayan rai ya fita, ta yi sumul, babu yamutsewar nan ta ciwo, sai na ji wani sanyi a ƙirjina tare da kukan. Kin huta. Abu ɗaya ya tsaya mini: amsar ƙarshe da na ba ki ita ce "tukuna". Tun daga ranar na kasa buɗe taswirar.

Makon jiya, da rana tsaka, Baba yana wurin aiki can ƙarshen gari, naƙuda ta taso wa Umma tun lokaci bai yi ba, ga jini. Ni kaɗai ce a gida. Na kira motar asibiti. Na yi ta cewa a gaya wa direba kada ya bi ta wajen bishiya, matar da ta ɗauki wayar ta ce in kwantar da hankali, an riga an tura shi, ta kashe. Suka aiko mini da taswira, motar ta zama ɗan ɗigo shuɗi yana tafiya.

Hannuna ɗaya a cikin na Umma, ɗaya riƙe da waya. Ɗigon ya iso mararrabar gidan mai, inda wancan direban ya karya hagu. Ya tsaya. A littattafaina ana yawan cewa numfashi ya ɗauke, ina karantawa ina murmushi. Ranar na san yadda yake. Sai ɗigon ya motsa. Bai karya ba. Ya miƙe, ya zagayo ta bayan firamare, ya shigo ta bakin layinmu. Ban ɗaga kai daga wayar ba sai da na ji ƙaho a ƙofar gida.

Goggo, ya shiga.

Umma tana lafiya. An samu mace, 'yar mitsitsiya, mai ƙarar murya. Likita ta ce da an ƙara jinkiri, da labarin ya sha bamban. A harabar asibiti na ga direban yana goge gilashi. Na daɗe ina kai-komo kafin na iya buɗe baki.

"Malam, don Allah, ya aka yi ka biyo ta firamare?"

"Waya ce ta ce in biyo nan. Da wata hanyar ce?"

Na ce, "A'a. Babu."

Ya ci gaba da gogensa. Bai san ki ba, kuma na tabbata hakan zai fi miki daɗi.

Ya Allah, ka jiƙan Goggo, ka gafarta mata, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Duk motar da ta iso layinmu a kan lokaci, duk uwar da ta tashi, duk jaririn da ya yi kuka, ka kai ladan gare ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaka, wadda ta rasa 'yarta ta fari, da Baba, wanda ya rasa mai harararsa, da ɗalibanta, da tsohuwar nan mai kyanwa da ta ce har yanzu tana duba wurin kowace safiya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen, ya haɗa mu da ke a Aljanna. Amin.