Jan Ganyen da Lorraine Pelletier Ta Tsinko

Bango ɗaya ne ya raba ajina da na Lorraine Pelletier a makarantar firamaren ƙauyenmu da ke arewacin jihar Vermont a Amurka, kuma bangon bai taɓa hana ni jin muryarta ba. Gajeruwa ce, ga faɗa, ga son yara kamar ita ta haife su. Rabin mutanen garin nan ta hannunta suka bi, har da hedimastanmu, Malam Whitcomb, wanda har gobe in ta yi gyaran murya sai ya gyara tsayuwa.

Da kaka ta shigo, Lorraine ba ta da zama. Yau ajinta na ƙamshin tuffa, gobe yara sun cusa hannu cikin kabewa suna kwaso 'ya'yanta suna ihu. Amma babban bikinta shi ne ranar ganye, don a nan da kaka ganyen itatuwa kan rikiɗe su yi ja da rawaya. Sai ta kwashi yaran zuwa kurmin bayan makaranta, kowa ya tsinto ganyen da ya fi burge shi, a dawo a sa tsakanin takardu masu kakin zuma, ta bi da dutsen guga, a rataye a taga. Kafin a fita kuwa sai ta yi musu huɗubar da ta yi wa iyayensu a kan tsiron nan mai dafi, mai ganye uku-uku, wanda yake yin ja wur a kaka, in ya taɓa fatar mutum sai ƙaiƙayi da ƙuraje.

A shekararta ta ƙarshe idonta ya fara tafiya. Ni na fara lura, don sai ta kira ɗalibarta Odette da sunan Maribel, ta kuma kai littafi har kan hanci.

Na ce, "Ke Lorraine, yaushe za ki ga likita?"

Ta ce, "Na gan shi. Shi ma ban gan shi da kyau ba. Ki rufe min baki, uwar surutu."

Abin da take so bai taka kara ya karya ba: ta kai wannan ajin ƙarshen shekara. Ta san in maganar ta kai ofis, kujerar gida ce ke jiranta. Gidan kuwa ba kowa tun rasuwar mijinta.

Ranar ganye na haɗa ajina da nata, wai don in taya ta. Muna cikin kurmi sai ta sunkuya gindin wata bishiya, ta tsinko reshe, ta ɗaga sama tana murmushi.

"Kun ga nawa? Wa ya samu ja irin wannan?"

Odette ce ta fasa ihu: "Malama, ki yar! Uku ne! Uku ne, Malama!"

Ta yar. Ta tsaya tana kallon hannunta. Ni dai tausayinta ya kama ni. Amma ita ta riga ni farfaɗowa.

"Madalla! Odette ta ci jarrabawa. Ku sauran barci kuke yi?"

Yaran suka bushe da dariya, suka ɗauka da gangan ta yi. Na ja ta famfo na wanke mata hannu da sabulu, ina cewa a raina shi ke nan, asiri ya rufu.

Washegari ta zo da hannu a kumbure, an shafe shi da magani fari fat. Na tare ta a baranda.

"Ba wanda ya gane, ƙawata. Ki bar ni in riƙa fita da su, ke ki zauna a aji."

Ta ce, "Da a ce wata yarinya ce ta kawo min ganyen nan ta ce, Malama, in ɗauka? Da na ce mata ɗauki, kyakkyawa ne."

Ta wuce ni ta shiga ofishin Whitcomb ba ko ƙwanƙwasawa. Ta bango na ji shi yana roƙonta, wai za a samo mata mataimakiya, ita kuma tana ce masa ya daina sosa kai kamar ɗan aji biyu. A ƙarshe suka tsaya a kan za ta miƙa ajin ga wata malama a ƙarshen wata.

Da aka tashi na raka ta bakin titi, don ta daina tuƙi tun bazara. Kuka nake yi sosai, har ta ce ina ba ta kunya. Muna tsaye muna jiran bas, ta juya wajen tsaunin da ke bayan kurmi, ta daɗe tana ƙanƙance ido.

"Gaya min gaskiya, Noreen. Bana ganyayen sun yi ja sosai?"

Na ce mata sun yi. Ban taɓa ganin sun yi ja kamar na bana ba, kuma ba don in faranta mata na faɗa ba.