Littafin Ladidi a Hannun Kumandan

Dutse zuwa Aujara

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ranar Asabar, muka bar Takur, ni da Baffa Sale, ƙanen mahaifina mai fataucin kanwa. An ba mu hutun kaka a makarantar elementare inda nake koyarwa. Jakuna shida, raɓa har gwiwa, sanyi yana ratsa ƙashi. A aljihuna akwai agogo da ɗan littafin rubutu, don na yi wa Ladidi, wadda za a ɗaura mana aure bayan an kai dawa rumbu, alkawarin zan rubuto mata Damagaram ƙofa-ƙofa, kamar biranen hikayoyin da nake saya a kasuwar Kano.

"Bar takardar nan a gida," in ji Baffa. "Ƙasar Faransa za mu, ba zance ba."

Na yi dariya kawai. Muka sauka Aujara da la'asar, kusan mil ashirin, aka kawo mana tuwon sabon gero da miyar kuka.

Iyaka

Rana ta biyar, da hantsi, muka wuce Maigatari. Sojoji masu jar hula suka kwance kayanmu ɗaya bayan ɗaya. Can gaba muka tarar da mutane sun fi talatin suna fasa dutse a gefen hanya, wani da bulala a kansu.

"Aikin tilas ke nan," Baffa ya ce ƙasa-ƙasa. "Wanda aka kai can, sai wata shida. Daina kallo, kora jakinka."

Damagaram

Rana ta tara, ƙarfe biyar na yamma, muka shiga gari, muka sauka a Zango gidan Malam Abdu, mai masaukin fatake. Washegari Baffa ya tafi cinikinsa, ni kuwa na yafa bargo na shiga Birni. Wayyo, 'yan uwa! Ganuwa ja, lunguna ƙanana, zaure bayan zaure da zane a goshinsa, ga manyan duwatsu tsakanin gidaje sai ka ce namu na Dutse ne suka yi ƙaura. Na ga tsofaffin igwa da aka ce maƙeran garin ne suka zuba su. Na sayi dabino, na rubuta, na ƙara rubutawa.

Ƙarfe sha ɗaya na iso barikin Faransawa da ke bisa dutse. Na ƙirga tagoginsa, na auna bangon da taku, na zauna ina zana shi. Ban ɗaga kai ba sai da gindin bindiga ya taɓa kafaɗata. Soja ya tisa ƙeyata har gaban Kumandan, babban barikin.

Kumandan ɗan siriri ne, yana tari saboda sanyi. Ya juya littafin, ya ga zanen, ya ga lambobi, ya dube ni. Tafintansa, wani dattijo mai tabarau, ya ce, "Yana tambaya, Ingilishi ne suka aiko ka ƙirga masa tagogi?"

Babu abin da nake ji sai ƙarar fasa dutsen nan na hanya. Wata shida! Kafin nan dawa ta daɗe a rumbu, ranar aure ta wuce.

"Ranka ya daɗe, wata ce ta aiko ni."

"Wace ce?"

Na sunkuyar da kai. Aka kirawo Baffa da Malam Abdu, suka durƙusa a bakin ƙofa. Kumandan ya ce a karanta daga farko, kada a tsallake harafi. Tafinta ya gyara tabarau, ya ɗaga murya, har ya kawo kan zancen barikin:

"Ladidi, tagogin barikin nan goma sha biyu ne, amma da za a buɗe su duka, haskensu bai kai na wushiryarki ba."

Wani soja ya shaƙe dariya. Tafinta ya juya da Faransanci, ya ci gaba: "Tsawon bangon taku tamanin, kowane taku yana nisanta ni da ke, farin watana."

Baffa ya rufe fuska da rawani. "Ranka ya daɗe, ka dai ji. Ba ɗan leƙen asiri ba ne, sakarai ne kawai, tun yana ƙarami."

Shafi tara aka karanta, ina roƙon ƙasa ta tsage. Kumandan bai ko murmusa ba. Ya yage shafin zanen, ya jefa a kaskon wuta, ya miƙo mini sauran.

"Ya ce gobe kada hantsi ya same ku a garin nan," in ji tafinta. Sannan ya matso kusa da kunnena: "Kai kuma, ɗana, rage wa yarinyar nan zuma, kada ta shaƙe."

Komawa

Ƙarfe biyar na asuba muka ɗaura kaya, Baffa bai gama cinikinsa ba, bai kuma yi mini magana ba har Maigatari. Daga nan ne bakinsa ya buɗe, duk zangon da muka sauka sai ya ba da labari. Kwana tara muka iso Takur da azahar, ashe labarin ya riga mu. Matan unguwa na hango ni suka rangaɗa guɗa: "Ga angon wushirya!"

Da yamma na kai wa Ladidi littafin a zauren gidansu. Ta juya shi, ta sa yatsa a gurbin shafin da aka yage.

"Wannan fa, Malam?"

"Kumandan ya ƙone shi."

"To, shi nake so. Sauran duk gari ya riga ni ji."

Na zauna na sake zana mata barikin da ka. Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo da mu lafiya, sai kuma Baffa Sale, wanda ya cece ni da kalmar sakarai.