Mai Jira da Muryar Matarsa

Matan ɗakin wanki na wani asibiti ne suka sa masa suna Mai Jira. Ya zo yin fim a kan aikinsu, ya kafa kyamara a lungu tsakanin injin matse kaya da tulin zannuwan gado, ya kifa bokiti ya zauna. Bai tambayi kowa komai ba. Da farko matan sun riƙa zuwa da kwalliya. Da kwanaki suka ja, hoda ta ƙare, suka koma zagin shugabansu da kukan ciwon baya, sannan ya danna maɓalli.

Haka ya yi aiki har furfura ta rufe shi, da maƙera, da mahauta, da direbobin motar gawa. Ba ya sa kiɗa, ba ya ɗora muryar mai bayani. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya kalli idon kyamara ya daina zama kansa, dole a cire wurin. Sai ya mayar da kaset baya ya ɗauki wani abu a kai.

Matarsa tela ce, kekenta na bakin taga. Ya sha ɗana mata kyamara a kan kabad, amma ba ta taɓa mantawa da ita ba.

"Kawar mini da mai ido ɗayan nan, ko in ɗinka masa hula," in ji ta, tana gyara ɗankwali tana yi masa gwalo.

Shi kuwa sai ya goge. Yana jiran ranar da za ta shagala.

'Yarsu, Auta, ta gaji sana'ar uban, amma da waya take yi. Takan tsaya gaban mutum ta ce, "Kalle ni nan, sake faɗa, da ƙarfi." Kafin yamma ta yanka, ta sa kiɗa, dubban mutane sun gani.

"Wannan ai wasan kwaikwayo ne," in ji shi.

"Baba, naka fa wa ya kalla? Kai da ɓerayen kabad."

"Ko ɓeran ya san ban yi masa ƙarya ba."

"To Allah ya ba ku haƙuri, kai da su."

Ciwon tela bai daɗe ba, ta rasu. Bayan masu gaisuwa sun watse, Mai Jira ya lura da wani abu da ya tsorata shi: fuskarta na nan a hoto, amma muryarta ta fara yi masa nisa, kamar mai magana daga bayan katanga. Ya kwashi kaset-kaset ɗinsa a kwali, wasu fumfuna ta ci su, ya kai wa mai shagon da ke juye su cikin kwamfuta. Ya zauna a benci ya kalli duk abin da ya tsira. Ya ga matan wanki, ya ga maƙera. A cikin na gida ya sami hannunta yana ajiye kofi, da bayan kanta a dushe, da ƙarar keke. Duk inda ta juyo ta buɗe baki, ya riga ya goge da hannunsa.

Ya tambayi Auta ko tana da muryar uwar a waya.

"Na ɗauke ta da yawa, Baba. Waya ce ta cika, aiki ya taso mini, na share. Na ce ai Umma na nan."

Abin da ya rage mata saƙon murya ne guda, gajere, a kan zare baƙi da za a sayo.

Bayan 'yan kwanaki ta shigo ta ajiye masa wayar a cinya. Ta ce akwai manhajar da ake ba hoto da guntun murya, ta mayar da su mutum mai magana. A allon wayar fuskar tela ta motsa, ta dube shi ido cikin ido. "Maigidana, kada ka damu, ina cikin sauƙi. Ka riƙa cin abinci." Muryar ta yi kama da tata, sai dai an goge ta sumul, babu kaushin nan na mai riƙe allura a baki, babu tsiwa.

"Uwarki ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Wa ya rubuta mata?"

"Ni. Baba, ka rame."

"Cire shi."

Ta miƙo hannu. Bai saki wayar ba.

Tun daga ranar yake kallon bidiyon, da safe kafin ya wanke fuska, da rana a inuwar ƙofa. Ya san inda leɓen ke makara, ya san ƙiftawar idon da ke maimaita kanta. Idan tsoffin abokan aiki suka zo, yakan ce musu wannan ita ce ƙarya mafi muni da ya taɓa gani a allo. Suna fita sai ya kunna.

Wata safiya ya tsaya a bakin taga, ya dafa keken da aka rufe da zane. Ya so ya tuna yadda take yi masa faɗa idan ya taka mata yadi da takalmi. Kalmomin suka zo daidai, bai manta ko ɗaya ba. Amma da muryar wayar suka zo, a hankali, cikin ladabi. Ya sake gwadawa, ya toshe kunnuwansa da tafin hannu. Muryar wayar ce dai ta amsa.

Auta ta leƙo daga ƙofa. "Baba, lafiya?"

"Kawo mini caja," in ji shi. "Ta kusa mutuwa."